Rihab na kuɗi ko zaman masu fama da giya? Ka nemi zaman

Ƙanena, tsakanin rihab ɗin kuɗin nan da ka ce ka gani a Facebook, wato wurin da ake kwantar da mutum don ya daina shaye-shaye, da kuma zaman da masu fama da giya suke yi a junansu, ni duka biyun na shiga, kuma ba sai na ja ka da nisa ba, zaman za ka nema.

Rihab ɗin yayana ne ya biya min, sai da ya sayar da filinsa, wata uku na yi a ciki. Ba zan ce ba su yi komai ba, na dai yi wata ukun ban sha ba tunda ƙofa a kulle take, amma ranar da aka sallame ni babu wanda ya ce min ga inda za ka je gobe, ko sati biyu ban rufa ba na koma mashayar da na saba. Har yau in na tuna filin nan sai raina ya ɓaci.

Zaman kuwa wata nas ce ta rubuta min ranar da lokacin a bayan katin asibiti. Ranar farko wallahi na fi rabin awa a bakin wurin ina zaune kan mashin na kasa shiga, tsorona kar in haɗu da wanda ya san ni ko ya san babanmu, ka dai san yadda ake kallon mashayi a unguwa, sai wani dattijo tsohon direban tirela ya fito riƙe da kofin shayi ya miƙo min ya ce shigo ɗana, ba sai ka ce komai ba yau. Mu tara ne a kan benci, akwai malamin makaranta akwai makanike har da wani mai shago a kasuwa, Musulmi da Kirista, kowa sunan farko kawai yake faɗa. Da na ji mutum yana ba da labarin yadda yake ɓoye 'yar ledar giya a cikin safa yana tauna goro don kar matarsa ta ji wari, sai na ga kamar rayuwata yake karantowa. Dattijon nan ya ba ni lambarsa, daren da albashi ya shigo ƙafata tana ja na zuwa can na kira shi wajen ƙarfe biyu, ya ɗauka, muka yi ta hira har aka kira assalatu. Abin da yake yawan ce min shi ne kar ka yi alkawarin shekara, yau kaɗai ka riƙe. Yanzu shekarata 4 ban sa ta a baki ba, alhamdu lillahi.

Tsarin da muke bi na AA ne, wato Alcoholics Anonymous, wasu mashaya biyu Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara shi a 1935 a garin Akron na Amurka, matakai 12 ne da shi, sharaɗin shiga ɗaya ne tak, kana son ka daina. Ba kuɗin fom ba kuɗin wata, in an zagayo da kwano ka sa abin da ya sawwaƙa don shayi da hayar ɗaki. Wani lokacin a harabar coci ake samun ɗaki, kar wannan ya kore ka, ba wa'azi ake yi ba, ni sallata nake yi ba wanda ya taɓa ce min uffan. Iyali ma suna da nasu, Al-Anon.

Inda za ka tambaya: sashen masu shaye-shaye na asibitin ƙwaƙwalwa, Barnawa in kana Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ka ce musu kana neman zaman rukuni na waɗanda suka daina. Ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ma suna da masu ba da shawara. In garinku babu, akwai zaman AA ta Zoom, ba dole ka kunna kyamara ba.

Amma dan Allah in ka kai matsayin da hannunka yake karkarwa da safe sai ka kurɓa, kar ka yanke ta rana ɗaya a ɗaki kai kaɗai, cikin kwana biyu zuwa uku tana iya kawo jijjiga da gane-gane, har rai ana rasawa. Likita tukuna, sannan zama.

Ka kuma kiyayi masu tallan garin magani a WhatsApp wai a zuba wa mutum a abinci kwana bakwai ya tsani giya, mahaifiyata ta saya har sau biyu, amai kawai na yi ta yi. Haka duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin ya gaya maka inda ake zaman, ɗan damfara ne. Gidan mari kuwa ko kusa, ka tuna Rigasa a 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Ka je asibiti cikin satin nan a duba ka, ka tambayi ranar zaman, in kana jin nauyin shiga kai kaɗai ka yi min magana ni zan raka ka.