Timolol mai jel na hawan jinin ido, ra'ayina a kai

Masu fama da hawan jinin ido ko masu jinyar iyaye, wallahi ku tambayi likitanku zancen timolol mai jel ɗin nan, maganin da ake ɗigawa a ido. Babana shi aka koma ba shi, kuma gaskiya na ga bambanci, ba wai ya fi na ruwan ƙarfi ba ne, a'a, magani ɗaya ne, sai dai na ruwan yawanci safe da yamma ake ɗigawa shi kuwa wannan sau ɗaya tak a rana. Wanda bai yi jinyar tsoho ba ba zai gane girman wannan ba, na yamman nan shi ake yawan mantawa, ga ciwon ba ya zafi balle ya tuna maka, a hankali yake cin jijiyar ido kuma abin da ya tafi ya tafi kenan.

A kwalba ruwa ne, da ya taɓa ido sai gishirin da ke cikin hawaye ya sa shi ya yi kauri ya zama jel, irin abin da ake kira haidirojel, wato abu mai riƙe ruwa, sai ya lafe a kan ido yana sakin maganin sannu sannu. Na ruwa kuwa kana ƙiftawa hawaye sun wanke mafi yawansa ya gangara hanci, shi ya sa wasu ke jin ɗaci a maƙogwaro. Ba sabon abu ba ne ma, tun 1993 aka amince da shi a Amurka.

Inda yake da matsala, dishi-dishi. Ana ɗigawa Baba zai ce komai ya yi hazo, wani lokacin 'yan daƙiƙu wani lokacin har kusan minti 5, gashin ido ma yakan ɗan yi danƙo. Kar a ɗiga a hau tuƙi nan take. A kifa kwalbar a girgiza sau ɗaya kafin a buɗe, in kuma akwai wani maganin ɗigawa a fara da shi, a jira minti 10 sannan a sa mai jel ɗin.

Don Allah mai asma ko wanda zuciyarsa ke bugawa a hankali kar ya kusance shi sai likita ya sani, timolol yana shiga jini ko da ta ido aka sa, kuma yana iya toshe numfashi. Mu dai awon idon Baba na ƙarshe ya yi kyau, likita ta ce a ci gaba da shi.