Shekara biyu da shuɗiyar inhela a jakata

Tun ina yarinya nake da asma, amma sai bayan haihuwata ta biyu ta tsananta, har likita ya rubuta min inhelar salbutamol, wannan shuɗiyar da ake fesawa a baki. Yau shekara biyu ke nan ba ta barin jakata.

A jikin gwangwanin an rubuta maikirogiram 100 a kowane feshi, kuma feshi 200 ne a ciki. Likita ya ce idan ƙirji ya ɗaure in yi feshi ɗaya ko biyu, kada ya wuce sau huɗu a kwana guda. Aiki kam tana yi. Ranar da hazon hunturu ya sauko, ko na shiga ɗakin da aka yi turaren wuta, cikin minti biyar nake jin numfashina ya sake, kuma yakan riƙe ni wajen awa huɗu.

Da farko dai wahala na sha. Sai in fesa in ji shiru, in ƙara, in sake ƙarawa, har hannuna ya kama rawa, zuciyata tana bugawa kamar na yi gudu. Na ɗauka ƙarfin maganin ne ya yi min kaɗan. Da na koma asibiti ina neman wanda ya fi shi, wata nas ta ce in yi a gabanta. Tana gani ta ce, "Malama, ai a kan harshenki kike zubar da maganin." Ita ta koya min in girgiza, in fitar da numfashi, in danna ina shaƙa a hankali, in riƙe kamar daƙiƙa goma. Ta kuma sa na sayi robar nan da ake haɗawa da bakin inhelar, wadda suke kira sifesa. Wallahi tun daga nan feshi biyu suke isata.

Ƙanwar maigidana ta taɓa aiko min da wata daga Amurka, an rubuta albuterol, maikirogiram 90. Na yi zaton ba ta kai tawa ba, sai mai haɗa magani ya ce abu ɗaya ne, su a Amurka abin da ke fitowa daga bakin inhelar suke aunawa.

Abin da ya fi damuna shi ne irin wadda nake samu ba ta da lambar da ke nuna feshi nawa suka rage. Ko ta ƙare, idan ka girgiza za ka ji motsi a ciki. Wani dare da ƙarfe biyu na yi ta dannawa a banza, ƙirjina yana fito, sai da maigida ya kai ni asibiti aka sa min na'urar turara magani. Yanzu takarda na manna a kwalin ina jan layi, kuma kullum da sabuwa a ajiye. Likita ya kuma ce idan abin ya taso da ƙarfi in zauna a miƙe, in riƙa feshi ɗaya duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60 har goma, idan babu sauƙi a wuce asibiti nan take.

Da ya ji ina ɗaukarta kusan kullum, bai ji daɗi ba. Ya ce buɗe hanyar iska kawai take yi, ba ta taɓa kumburin da ke ciki, ya ƙara min ta rigakafi, mai ruwan ƙasa, safe da dare. Hunturun bana, sau uku kacal na ciro shuɗiyar daga jaka.