Wata takwas da na'urar tantance ido a ƙofar wurin aikinmu

A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, hannu cikin safa, fuska cikin takunkumi tun safe. Na'urar zanen yatsa da muke da ita a da ta ba ni wahala ƙwarai. Yawan wanke hannu ya busar mini da yatsu, sai in dangwala sau huɗu kafin ƙofa ta buɗe. Wata takwas ke nan da aka sauya ta da mai tantance ido, kuma hankalina ya kwanta.

Ranar rajista na zaci za a dalle mini ido da fitila. Ashe da hasken infared take aiki, wanda da ƙyar ido ke ganinsa. Shi ke fito da zanen zoben da ya kewaye tsakiyar ido, har a idanu masu duhu irin nawa, waɗanda baƙi kawai ake gani a hoto. Sai manhajar ta ware zoben, ta cire inda fatar ido da gashin ido suka rufe, ta mai da sauran lambobi. Dabarar da wani masani mai suna John Daugman ya yi wa rajistar mallaka a 1994 tana taƙaita ido guda a bit 2,048, wato jerin lambobi 2,048 da kowacce sifili ce ko ɗaya. Idanun mutum biyu kan saɓa a kusan rabin waɗannan, don haka idan saɓanin da ke tsakanin idonka da lambobin da aka ajiye ranar rajista bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kai ne. Idon dama da na hagu ma kowanne da zanensa, haka na tagwaye masu kama ɗaya. Wannan ya burge ni matuƙa.

Tana da nata cikas. Tabarau kan mayar da haske, wani lokaci sai na cire. Ranar da ban yi barci sosai ba kuwa, sai na ware ido da gangan kafin ta gane ni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsaro. A 2017 ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus, mai binciken tsaron na'urori, ta ruɗi wata waya mai tantance ido da hoton ido da aka ɗora wa ɗan gilashin mannawa a ido. Kalmar sirri in ta fita a canza ta, ido fa? Shi ya sa na rubuta wa shugabanninmu ina neman a faɗa mana inda ake ajiye lambobin, da ranar da za a goge na wanda ya bar aiki.