Littafin da ya hana ni barci a Gusau

Jama'a in ba ku labari, wurin wata baiwar Allah mai sai da littattafai a Instagram na sayi After Dark na Haruki Murakami, ta ba direba daga Kaduna, bayan kwana 2 aka kira ni in zo tasha nan Gusau. Naɗin dai sai a hankali, leda guda ta sa mashi, ƙura har cikin shafuka, bangon ya lanƙwashe kamar an zauna bisa. Na yi mata magana ta ce Hajiya a yi haƙuri, shi ke nan fa.

Amma littafin kam! A 2004 ya fito a Japan, na Turanci 2007, kuma duk labarin dare guda ne a Tokiyo, daga wajen sha biyu har gari ya waye, kowane babi da hoton agogo a kansa. Mari 'yar shekara 19 ta ƙi komawa gida tana zaune gidan abinci tana karatu, yayarta Eri kuwa wata biyu ke nan tana barci, ga talabijin ɗin ɗakinta da ba a jona ba ya kunna kansa. Nan na aje na yi a'uziyya, don an ɗauke wuta, da fitilar waya nike karatu, ba ka jin komi sai haushin karnuka.

Ƙarshen ne ya ban haushi, bai warware komi ba. Ƙanwata ta karanta rabi ta maido, wai Yaya wanga ai mafarkin mai zazzaɓi ne.