Ra'ayina kan ofishin dillalan da suka haɗa min cinikin sito biya kaɗan-kaɗan

Mutane na ta tambayata yaya na ji da ofishin dillalan nan na Kano da suka haɗa min cinikin tsohon siton da muke mayarwa gida, to ga shi tsakani da Allah.

Ba banki a cikin maganar sam. Mai siton ne da kansa ya yarda na ba shi wani kaso a hannu, sauran ina tura masa duk ƙarshen wata. Ni ban taɓa zuba kuɗi a NHF, wato asusun gidaje na ƙasa, ba balle in nemi bashin Federal Mortgage Bank na kashi 6, na bankunan kasuwa kuwa ruwansu ya haura kashi 20, kuma ko da sauƙi ne ma ruwa dai ruwa ne bana so. Farashin ya ɗara na lakadan kam, amma an yanke shi tun ranar farko kuma ko na makara sisi baya ƙaruwa, wannan ne ya kwantar min da hankali.

Inda suka burge ni shine lauyansu wallahi. Alhajin mai siton ya dage sai ya riƙe C of O ɗinsa, wato takardar shaidar mallakar wurin, har biyan ƙarshe, kuma yana da gaskiya, ni kuma tsorona kar in fasa bango in fitar da tagogi in haƙa sokawe in zuba tayil sannan a wayi gari an jinginar da takardar ko an siyar wa wani. Lauyan ya fara zuwa KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, ya duba fayil ya tabbatar ba bashi a kan wurin, sannan aka yarda asalin takardun su zauna a hannunsa shi lauyan. Ya sa manyan 'ya'yan Alhajin suka sa hannu a matsayin shaidu saboda in rai yayi halinsa kar magada su ce basu san zancen ba, kuma aka rubuta in na gaza biya har aka warware cinikin za'a ƙiyasta aikin da nayi a dawo min da kuɗina. Bai ɓoye min ba cewa a dokar filaye ta 1978 sai gwamna ya amince kafin wurin ya koma sunana, wato kashe kuɗi na nan gaba.

Amma akwai inda suka gaza fa. Maganar canza wurin daga na kasuwanci zuwa na zama sun ɗauke ta da wasa, "ai ba matsala yallaɓai" kawai suke cewa. Da aka zo neman izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, tunda takarda na sunan Alhaji dole sai da sa hannunsa, shi kuma ya tafi Umara, magina na zaune, bulo na jibge a ƙofa ruwa na dukansa, siminti kuma kullum ƙara tsada yake. Wannan aikinsu ne su hango. La'adarsu ma gaba ɗaya suka karɓa tun ranar sa hannu, bayan nan kiran waya sai an yi ta bi.

Zan tura musu mutum, eh, musamman saboda lauyan. Sai dai ka sa a rubuta cewa mai wuri zai sa hannu a duk takardar izinin gini cikin lokaci kaza, kuma ka riƙe rabin la'adar sai izini ya fito.