'Yar fankar akwatin kallo: aiki ta yi shi, mannen ne ya ɓata mini rai

Daren 8 ga Mayun 2024 ne ya sa na sayi wannan fanka. Madrid da Bayern, wasan kusa da na ƙarshe na gasar Zakarun Turai, falona cike da abokai har da maƙwabcin da bai taɓa taka mini gida ba. Bayern na gaba da ɗaya, saura kaɗan a tashi, sai hoto ya ƙame cak. Na danna rimot, shiru. Na kai hannu zan zare wayar akwatin da ke kawo mana hoto daga intanet zuwa talabijin, wallahi kamar na taɓa murfin tukunya a kan murhu. Kafin ya huce ya yarda ya tashi, ihu muka jiyo daga gidan kallon bayan layinmu, har sau biyu. Joselu na Madrid ya zura biyu, mu muna zaune zugum muna kallon baƙin allo. Har yau in na je majalisa sai wani ya tambaye ni ya jikin akwati.

Da can duk lokacin da ya fara sarƙewa, sabis nake zagi. Na canja layi, na sayi data mai tsada, ba ta canja zani ba. Sai da na kai wa wani yaro mai gyaran waya ya buɗe cikinsa. Ya ce, "Yallaɓai, dubi abin da suka ɗora a kan ƙwaƙwalwar." Wani ɗan fallen ƙarfe ne, bai fi murfin gwangwanin madara kauri ba. Ba fanka, gidan kuma roba ne ruf, 'yan ramukan iskar a ƙasa suke, ni kuma na kwantar da shi a kan kyallen ado a bayan talabijin. Ya ce in ƙwaƙwalwar ta ɗau zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ne hoto ke tsalle-tsalle. In abin ya wuce nan sai ta ɗauke gaba ɗaya. A bazarar Kano, da rana tana haura digiri 40, bango yana amayar da zafi har tsakar dare, me ake jira?

Kayan da na yi oda guda uku ne a leda ɗaya: fanka mai faɗin santimita 4 da ake soka wa a ramin USB, ƙarfen alminiyam mai haƙora kamar mataji, da wani ɗan laushin abu mai ɗanko da ake sawa tsakanin ƙarfen da ƙwaƙwalwa. Yaron ya ɗora ƙarfen, ya huda murfin da ƙusa mai zafi, muka manna fankar daga sama. Ƙasa kuma na sa murfin lemo huɗu suka ɗaga shi.

Gaskiya ban sa rai ba, don fankar kamar kayan wasan yara take. Amma manhajar da yaron ya saka mini ta auna zafi, wadda da take wuce 80 in an daɗe ana kallo, ta dawo tana yawo wajen 60. Wasan ƙarshe da Dortmund, 1 ga Yuni, mun kalle shi tas ba ko tari. A daren nan da za a ce in ba da maki, cikakke zan bayar, har na tura wa mutum biyu hotonta.

To, sai sati na uku. Muna barci na ji ƙarrr daga falo, uwargida ta tashe ni wai ɓera ya shiga wayoyi. Ashe mannen da fankar ta zo da shi ne zafi ya narkar, ta zame ta karkace, fukafukanta suna kartar murfin. Kayan da aka yi don zafi, a ce zafi ne ya fara kayar da shi! Ɗaya daga fukafukan ya ɗan gutsure, tun daga ranar ba ta ƙara yin shiru ba, sai wani zuuu kamar sauro a kunne. Na yi wa mai kayan magana, ya ce, "Ai Alhaji sai dai ka sa sufa gulu." Ko haƙuri bai bayar ba.

Kuma abin da babu wanda ya gaya mini: a nawa akwatin, ko na kashe da rimot ramin USB bai daina ba da wuta, fankar haka za ta kwana tana juyawa tana shan batirin sola. Sannan ta cinye mini rami ɗaya cikin biyu, in zan sa filas sai na zare linzami. Da hunturu ya shigo kuwa, ƙura ta riƙa zuƙowa tana cusawa tsakanin haƙoran ƙarfen, duk sati biyu sai na bi da tsohon burushi.

Daga baya da roba na ɗaure ta, muni kam ba a magana. Wata rana na cire fankar don in gwada, na bar ƙarfen da ramukan da murfin lemo, sai na ga in ba cikin bazara ba, su kaɗai ma sun riƙe shi. Da na sani, da ƙarfen kawai na saya. Fankar tana cikin durowa, sai Maris in Allah ya kai mu zan fito da ita.