Sharhi: Tatsuniyoyin Girka na Nikolai Kun, littafin da yaran Tarayyar Sobiyet suka tashi da shi

Malamarmu ta Rashanci ce ta ba ni shawarar in nemi wannan littafi, ta ce da wuya ka shiga gidan da ake karatu a zamanin Sobiyet ba ka gan shi a kan kanta ba. Na saye shi a shagon tsofaffin littattafai, na kuma karance shi daga farko har ƙarshe.

Nikolai Kun malamin tarihi ne a Mosko. Ya fara fitar da littafin a 1914, kafin juyin juya halin 1917, ya rasu a 1940, amma gwamnatin kwaminis ta ci gaba da buga shi. Abin da ya fi ba ni mamaki ke nan: gwamnatin da ta yaƙi addini, wadda har a shekarun 1920 manyanta irin su Nadezhda Krupskaya, matar Lenin, suka ƙyamaci tatsuniya ga yara, ita ce ta bar allolin Girkawa irin su Zeus da Athena a hannun ɗalibai. Da na kai labarin Prometheus na gane dalili. Wanda ya sato wuta ya ba 'yan Adam, aka ɗaure shi a dutsen Kaukasus, ya ƙi rusuna wa mai mulki, ai irin gwarzon da suke so yaro ya yi koyi da shi ne. Karl Marx kansa ya yabe shi tun a 1841.

Abin da na fi so shi ne amanar marubucin. A farkon labarai da dama yakan faɗi inda ya samo su, daga mawaƙan zamanin da irin su Homer, ko Hesiod, ko Ovid, don haka mai karatu ya san tushen abin da yake karantawa. Wahalhalu goma sha biyu na jarumi Herakul da tafiyar jarumi Odysseus zuwa gida sun riƙe ni sosai.

Sai dai Rashancinsa na da nauyi. Jimlolin dogaye ne, kalmomin tsofaffi, ɗan koyo zai gaji da buɗe ƙamus. Kuma wanda yake neman labaran Rumawa zai ji an ƙware shi, domin a bugun da na saya kusan komai na Girkawa ne.

Ga ɗalibinmu da ke karatu a Rasha ya wuce matakin farko na harshen, ina ba shi shawarar ya saya. Iyaye kuwa su fara karantawa kafin su miƙa wa yaro, su bayyana masa cewa labaran mutanen da ne, ba aƙida ba.